Ranar da Dakta Hermógenes Ya Sauko da Daji Cikin Gari

A Loma Parda kowa da abin da aka san shi da shi, Don Hermógenes Tulcán kuwa da baki aka san shi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wata farfesa ta zo daga birni tana binciken tsirran dajin saman tudu. Aka rasa mai ɗaukar mata jaka, shi da noma bai dame shi ba ya ɗauka. Kwana huɗu ya yi yana biye da ita. Da za ta tafi ta ba shi ɗan madubin ƙara girma, irin mai naɗewa cikin gidan ƙarfe, ya sa masa igiya ya rataya a wuya. Tun daga ranar ya zama Dakta. A bakinsa kwana huɗun nan suka zama wata huɗu, daga baya suka zama shekara biyu, har ta kai ga farfesar ce ke ɗaukar masa jaka.

Madubin kuwa ba ya barin kowa ya taɓa. In an kawo masa ganye ko ƙwaro, sai ya buɗe, ya kanne ido ɗaya, ya ce "hmm", ya rufe da sauri, sannan ya yi bayanin rabin awa. Matarsa, Doña Edelmira, takan kau da kai duk lokacin da ya buɗe shi, ita ta san dalili. Ita ke noman dankalin gidan, ita ke tatsar saniya, ita ke kiwon ɓerayen masar da ake soyawa ranar biki. Tana son mijinta, wannan ba a musu, amma ta daɗe da koyon sauraronsa da kunne ɗaya.

Dajin saman tudun nan shi ne ran garin. Daga gindinsa idon ruwa ke fitowa, daga nan bututu ya kai wa gida sittin. Sai ga shi Don Abelardo Pantoja ya gaji tudun daga kawunsa, ya sayi sabon injin sare itace, ya ce dankali zai shuka har ƙololuwa. Doña Clemencia Guancha, shugabar kwamitin ruwa, ta kai kuka ofishin kula da dazuka. Amsa ta zo a takarda, aka tara gari a ajin makaranta ta karanta. An ce a littafin farfesar nan an rubuta wani ɗan tsiro mai ganye da ke kwanciya a jikin ɓawon itace, wanda ba a cika samunsa ba. Ranar Juma'a injiniya za ta zo. In ta gan shi da idonta, daji ya tsira. In ba ta gan shi ba, Don Abelardo ya tada injinsa ranar Litinin.

An haɗo da hoto, amma baƙi da fari ne, injin kwafi kuma ya cinye rabinsa. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Wani ya ce ƙafar gizo-gizo ce, wata ta ce tsagewar bango ce.

Hermógenes ya miƙe, ya gyara bargon kafaɗarsa. "Ku daina wahalar da idanunku. Tsiron nan na san shi kamar yunwar cikina. Ni na nuna mata shi. Ta wuce shi sau uku, na ce farfesa, dawo."

"Yaya sunansa, Dakta?" in ji Doña Clemencia.

"Sunan ba na bakin kowa ba ne, maƙwabciya. In na faɗa sai haƙoran gabanki sun girgiza."

"To yaya kamanninsa?"

"Kore. Ɗan ƙarami, kore shar."

Aka yi tafi, saboda mutane sun tsorata, mai tsoro kuma duk wanda ya yi magana da ƙarfi shi yake bi. Edelmira ba ta tafa ba. Ta lura Don Abelardo ma yana tafi, har ya fi kowa.

A gida, tana dama ruwan mazarƙwaila, ya shimfiɗa mata shirinsa. Injiniya 'yar birni ce, in ji shi, da takalmi mai tsini za ta zo, ba za ta iya hawan tudun nan da laka har gwiwa ba. In ta gaji a rabin hanya ta juya, shi ke nan an rasa daji. Saboda haka ba ita za a kai daji ba, dajin za a kawo mata. Kowace Kirsimeti ai mutanen garin kan hau su ɗebo gansakuka su shimfiɗa a coci, su dasa gumakan tumaki da makiyaya da komin jariri a kai. Haka za a yi, amma a filin tsakiyar gari, kuma gaba ɗaya.

"Gaba ɗaya me?"

"Duk wani kore da ke jikin itace. In an kwaso duka, dole tsiron yana ciki. Wannan shi ake kira ilimi."

"Maigida, takardar ta ce ta gan shi a dajin."

"Ta ce ta gan shi da idonta. Idonta a dajin yake?"

"In ka aske itatuwan, me zai riƙe mana ruwan?"

"Bututu, Mira. Bututu ke riƙe ruwa. Ke dai ki tanadi dankalin gayya."

Ranar Talata aka yi gayya. Mutum talatin suka hau da wuƙaƙe da cokulan gini da buhuna. Don Abelardo ya ba da aron alfadarai uku, ya kawo sababbin magogai shida na kankare itace daga shagonsa, ya ce ai taimakon gari wajibi ne. Edelmira ta kalle shi, ya ɗaga mata malafa yana murmushi. Ta juya ta kafa murhu a gefen daji ta ɗora tukunya.

Dajin kamar kullum yana ɗiga, ko da ba a ruwa. Hazo na ratsa shi, kowane reshe sanye da riga mai kauri. Hermógenes ya hau kan kututture ya raba aiki.

"Kore kawai nake so. Kun ga wancan baƙi-baƙin, mai kalar hanta, da ya manne da ɓawo kamar ƙonannen tuwo a gindin tukunya? Mushe ne. Kada wanda ya ɓata mini buhu da shi."

"Dakta, ba ka duba shi da madubi ba," in ji wani.

Ya buɗe, ya kanne ido daga nesa, ya rufe. "Mushe. Ya yi shekara uku da mutuwa."

Daga nan ya ce zai nuna musu yadda ake ɗebo na sama, irin yadda ya koya wa farfesa. Ya tuɓe bargo, ya nannaɗe hannun riga, ya rungumi wani itace da baƙin abin ya lulluɓe tun daga gindi. Ya hau kamu uku, kamu huɗu, yana bayani. A na biyar takalmin roba ya zame. Bai saki itacen ba, sai ya sauko a rungume da shi, kumatu da wuya da ciki suna gogar ɓawo, har ya dira da gindi a cikin akwatin simintin da ke tara ruwan gari.

"Gwada zurfinsa nake yi," ya ce daga ciki. "Ya isa."

Sai da mutum huɗu suka shiga suka ciro shi, kowa da lakar ƙafarsa. Alfadaran Don Abelardo ma suka zo suka sha, suka yi abin da alfadarai ke yi. Kafin la'asar buhu arba'in da biyu sun sauko gari, itatuwan bakin idon ruwa kuwa sun tsaya tsirara, ba abin da ya rage a jikinsu sai baƙin da Dakta ya rena.

Ranar Laraba aka shimfiɗa kayan a filin gari, daga ƙofar coci har bakin shago. Da safe abin ya yi kyau, har fadan cocin ya fito ya ce bai taɓa ganin Kirsimeti a watan Agusta ba. Amma filin gari ba daji ba ne. Hazo ya yaye, rana ta fito, iska ta taso. Kafin azahar kore ya koma ruwan ƙasa. Kaji suka shiga suna tono, tumakin Doña Clemencia suka biyo baya.

"A yayyafa ruwa," in ji Hermógenes.

Aka buɗe famfo, ya yi tari, ya tofo wani abu kamar kunu. Gida sittin suka wuni ba ruwan shayi. Mata suka zo ƙofar Edelmira da bokitai, suka tsaya suna kallonta. Ta fi son a ce zaginta suka yi.

"Dakta, ruwanmu fa?" in ji Doña Clemencia.

"Idon ruwa yana wanke cikinsa ne. Alamar lafiya ce."

"Tumakina ma sun ƙi sha."

"Tumakinki ba su yi karatu ba."

Shi kuma a ranar ne ƙaiƙayi ya fara. Ya soma daga wuya, ya gangara hannuwa, ya mamaye ciki. Kafin Alhamis kumatunsa na dama ya kumbura ya yi jajir, ƙuraje sun yi layi tun daga haɓa har cibiya, daidai inda itacen ya goga. Yana magana yana susa, yana susa yana jingina da ginshiƙin shago yana goga baya, duk da bayan bai taɓa komai ba.

Edelmira ta zaunar da shi tana shafa masa man shanu. "Na san wannan. Babana duk lokacin da ya sari itace mai baƙin abin nan, haka yake dawowa. Baƙin ƙaiƙayi suke ce masa. Kuma ba mushe ba ne, maigida. In ka matsa shi da yatsa ruwa yake fitarwa, yana da wani ƙamshi kamar na sabon katako. Anya ba shi ake nema ba?"

"Mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, mai saran itace ne. Ni da farfesa na yi aiki."

"Jakarta ka ɗauka."

"Me ke cikin jakar? Littattafai. A bayan wa suka kwana huɗu?"

"Ashe kwana huɗu ne."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ce ta ƙara man a nan ƙasan kunne.

Saura kwana ɗaya, filin gari ya zama kamar shimfiɗar busasshiyar ciyawa. Nan ma Dakta bai rasa dabara ba. Ya tuna da koren garin rini da ake rina dusar katako da shi lokacin Kirsimeti, ya sa aka kwaso duk wanda ya rage a ɗakin ajiyar coci. Aka dama shi da ruwan lakar famfo a ganguna biyu, aka bi filin da tsintsiya ana yayyafawa. Ya yi kore kuwa, irin koren da Allah bai halitta ba. Da asubar Juma'a aka ɗan yi yayyafi, rinin ya bi gangara. Matakalar coci ta yi kore, tumakin Doña Clemencia suka yi kore daga gwiwa zuwa ƙasa, farin karen fada ya yi birgima ya tashi ba mai gane shi.

Ƙarfe tara mota ta tsaya. Injiniya Yolima Erazo ta fito da takalmin roba har gwiwa, duk ya sha laka ya ƙoshi, da sanda a hannu da jaka a baya. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san ta hau tudun da ya fi wannan sau goma. Ta gaisa da mutane, ta ce, "Ina hanyar dajin?"

"Ba sai kin wahala ba, ranki ya daɗe," in ji Hermógenes. Ya fito gaba da kwat ɗin aurensa, hannuwa kore, rabin fuska ja. "Ga dajin ya zo gaishe ki."

Ta juya ta ga filin. Ta daɗe tana kallo. Ta durƙusa ta ɗauki dunƙule ɗaya, ta matsa, koren ruwa ya bi mata yatsu.

"Daga ina aka kwaso wannan?"

"Daga bakin idon ruwa. Buhu arba'in da biyu, a wuni ɗaya. Ni na tsara."

"Wa ya ba da izini?"

"Ilimi, ranki ya daɗe."

"Kun san shekara nawa wannan ke yi kafin ya kai kaurin yatsa?"

Ba wanda ya sani, har Dakta, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta bi filin tana ɗagawa tana yarwa. Ta ce wannan gansakuka ce, ganyenta ya kewaye kara ta ko'ina. Wancan ma ita ce. Wanda take nema kwance yake, ganyensa layi biyu ne, ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi. Ta kai ƙarshen filin ta dawo. Babu shi.

"Yana nan," in ji Hermógenes. Ya tsinci wani guntu, ya buɗe madubi, ya kanne ido. "Ga shi ƙarara. Layi biyu. Har da na uku."

"Mu gani," in ji injiniya. "Nawa madubin yana can ƙasan jaka."

"Wannan sai wanda ya saba..."

Amma ta riga ta miƙa hannu, gari kuma na kallo. Ya cire igiyar daga wuyansa a hankali kamar mai cire fatarsa. Ta buɗe, ta kai ido, ta sauke. Ta juya shi. Sannan ta zura ɗan yatsanta ta cikin zoben, yatsan ya fito ta ɗaya gefen ya ɗan yi motsi.

"Malam, ai babu gilashi a ciki."

Karen fada ya ci gaba da susarsa. Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Da wannan ya duba mini ƙwaron masara bara, ya ce mace ce." Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Don Abelardo ya yi ta yi har da hawaye, ya ce wa ɗan'uwansa ya je ya zuba wa injin mai.

Wannan maganar ce ta kashe dariyar. Injiniya ta fito da takarda ta fara rubutu. Doña Clemencia ta zauna a koriyar matakala ta rufe fuska. Edelmira ta kalli mijinta yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, yana son ya yi susa yana jin kunya, tausayinsa da haushinsa suka taso mata lokaci guda. Ba ta taɓa magana a taro ba, amma ta matso.

"Ranki ya daɗe, kafin ki sa hannu, dubi wuyan mijina."

Injiniya ta ɗago. Ta dubi wuyan, ta sa ya nannaɗe hannun kwat, ta dubi layin ƙurajen. "Me ka runguma?"

"Wani bincike ne na..."

"Itace ya runguma," in ji Edelmira. "Mai wani baƙin abu kamar hanta. Ya ce mushe ne, ya hana a taɓa shi."

Injiniya ta mayar da takardar jaka. "Nuna mini, Doña."

Duk garin ya bi su, har Don Abelardo, wanda murmushinsa ke raguwa da kowane taku. A bakin idon ruwa itatuwa na tsaye a aske, baƙin abin na manne da su, da dogon sawun cikin Dakta a jikin ɗaya. Injiniya ta zaro nata madubin, ta manna shi da ido, ta kai fuska har hancinta na taɓa ɓawo. Ta ɗaga reshe ɗaya da tsinke ta leƙa ƙarƙashi.

"Shi ne," ta ce. Ta miƙa wa Edelmira madubin. "Duba ƙasan kowane ganye. Kin ga 'yar jaka kamar tulu? Ruwa take ajiyewa. Shi da gansakukar da kuka aske su ke kama hazon da ke wucewa, su sha, su riƙa sakin shi ɗigo-ɗigo zuwa ƙasa. Abin da kuke buɗewa a famfo ke nan. Da kun kankare wannan ma, da yau ba ni da abin rubutawa."

Ta rubuta, ta sa hannu, ta ce ba mai sa gatari a tudun nan. Don Abelardo ya tambaya ko za a dawo masa da magogansa shida.

Hermógenes ya yi gyaran murya. "Kun gani ko? Da gangan na hana a taɓa shi. Na san akwai masu ido a kansa, shi ya sa na..."

"Madalla," in ji injiniya. "Tunda kai ka tsara saukowa, kai za ka tsara hawa. Wanda rini bai kashe ba a wanke shi, a dawo da shi, a ɗaure a jikin itatuwan da zare. Bayan wata uku zan dawo in gani."

"Da alfadarai..."

"Alfadaraina sun gaji," in ji Don Abelardo.

"Kuma gayya sau ɗaya ake yi wa mutum a shekara," in ji Doña Clemencia.

Mutane suka fara gangarawa. Hermógenes ya zauna a gefen akwatin simintin da ya gwada zurfinsa, zoben madubin a hannunsa. Edelmira ta tsaya a kansa. Ta sa hannu a aljihun zaninta na aiki ta zaro wani ƙullin ƙyalle, ta kwance. Ɗan gilashi ne, kamar maɓallin riga.

"A ɗakin ɓerayen masar na tsince shi, shekara tara ke nan. Kullum ina jira ka ce ya ɓace in ba ka."

Ya kalli gilashin, ya kalle ta. Ta karɓi zoben, ta danna gilashin ciki da babban yatsa, ta miƙa masa. "A ido ake manna shi, haka na ga ta yi. Ba daga nesa ba."

Ya tashi ya je jikin itacen da ya yi masa aika-aika. Ya manna madubin, ya kai fuska. Ya daɗe a haka, har ya manta da susa.

"Mira," ya ce a hankali. "Akwai tulun. Kuma akwai wani ɗan abu a ciki, yana motsi."

"Shekara goma sha ɗaya kana ba mu labarinsa."

"Zo ki gani."

"Na riga ka gani, Dakta." Ta ɗauki tukunyar da ta bari tun ranar Talata ta ɗora a kai. "Taho. Buhu arba'in da biyu ne, kuma na farko ma bai hau ba."